Bahago Ya Ɗinka wa Mota Riga

Ku gyara zama, don wannan labarin ba a tsaye ake jin sa ba.

A Ƙofar Jatau akwai wani dillalin riguna da ake kira Malam Bahago. In ka ce ba ka san shi ba, to ko dai ba ka taɓa sayen babbar riga a birnin Zariya ba, ko kuwa kunnenka na da lalura. Tun da aka haife shi ba a taɓa jin kalmar "ban sani ba" ta fito daga bakinsa ba. Yakan ce shi da ido yake awo, in ya kalli inuwar mutum da hantsi ya san kamu nawa zai ishe shi. Karatunsa guda ne, kuma ya haddace shi: riga ba ta tambayar shekarun mai ita. In ta yi yawa a naɗe, in ta yi kaɗan a sa mata cuna a gefe. Da wannan karatun ya sayar wa gajere rigar dogo, ya sayar wa siriri rigar ƙato, kowa ya tafi yana godiya yana sharar ƙasa.

Wata rana wani Alhaji daga Abuja ya kwashi riguna masu aska takwas a hannunsa, suka yi musaya da wata mota da Alhajin ya ce tana sa masa ciwon baya. Ja ce, ƙofa biyu, kujera biyu, a kwance take kamar ƙadangare na shan hantsi. Irin motocin gudun nan ne, ƙirar 2005. Ku riƙe wannan da kyau, don za mu dawo kansa: lafiyarta ƙalau. Ana murɗa makulli take tashi, ana taka birki take tsayawa.

A lokacin Bahago gwauro ne, tun da uwar 'ya'yansa ta gaji da sauraron labari ta koma gidansu. Neman auren Hajiya Sailuba yake yi, wata bazawara a Kwarbai mai girkin biki, wadda miyarta kan sa dattijo ya manta da dokar likita. Ita kuwa ta taɓa zama da mai baki, ta san ɗanɗanonsa. Duk ran da ya zo zance a zaurensu sai ta bar shi ya yi ta zuba, tana tsince shinkafa. Ranar da ya fara ba ta labarin yadda motarsa ke riga sautin kanta isa Kaduna, sai ta ajiye faifai ta ce ƙawarta Hilda ta Wusasa, wadda suka yi makarantar 'yan mata tare, za ta aurar da 'yarta Annabel ranar Asabar ta sama, kuma ita ke da girki. Shinkafa za ta tafi a keke napep. Miya ce ba ta yarda da jijjigar keke a kanta ba.

"Ka kai ni da miyata, da zafinta, kafin mutane su fito daga coci," in ji ta. "In ka yi wannan, Malam, ka turo manyanka. In ba ka yi ba, ka rage yawan sallama a ƙofar nan."

Wani da ya ji haka sai ya wanke motarsa, ya sha mai, ya jira Asabar. Bahago kuwa ya ga abin ya yi masa sauƙi har ya zama raini. Yaya za a ce shi, Bahago, ya shiga taron biki da mota tsirara? Don ya gani a waya yadda masu irin motar a ƙasashen waje ke yi mata sutura: bamba mai baki kamar na kada, wasu faifai masu tsawo a haƙarƙari, da fiffike a baya. Bodi-kit suke ce wa abin. Ya sanar a majalisarsu ta gindin ceɗiya cewa zai yi wa motarsa malum-malum. Baba Mamman wanzami, wanda ya yi wa rabin mazan unguwar aski tun suna goye, ya tambaye shi ko motar ta ce tana jin sanyi. Bahago ya ce wanzami ba ya son jarfa, dama an faɗa.

Ya kira wani mai sayar da kayan mota a Kaduna. Mutumin ya turo masa hotuna, sannan ya tambayi shekarar motar. Bahago ya ce mota ce ko budurwa da za a fara da shekarunta. Mai kaya ya yi masa bayani cewa sunan motar ɗaya ne, amma kamfanin ya sake mata jiki har sau uku: wata shekara an faɗaɗa ta, wata an ƙara mata tsawo, wata an canza mata fitilu, saboda haka kayan wannan ba ya hawa waccan. Bahago ya yi dariya har da tari. Ya ce uwa ɗaya uba ɗaya, ai rigar wa takan shiga ƙane. Da mai kayan ya ce faifan haƙarƙarin nan siket ake kiran su, sai Bahago ya juya wa majalisa ya ce to kun ji, su kansu masu ƙirar sun san ɗinki ne.

Ya zaɓa kamar yadda yake zaɓen zare, wato da ido. Bambar 2013 ta fi tsare gida, ya ɗauka. Siket ɗin 2009 ya fi sheƙi, ya ɗauka. Fiffike kuwa ya ɗauki mafi faɗi a shagon, na wata shekara da shi kansa mai kayan sai da ya duba. Mai kaya ya ce to shi dai ya faɗa, kuma in kaya ya fita ba ya dawowa. Bahago ya ce haka ma riga.

Ranar da kayan suka iso a bayan a-kori-kura, unguwa ta fito kamar an kawo gawar kura. Aka kira Walter mai gyaran jikin mota daga Wusasa. Ya ɗaga bambar ya kanga a gaban motar. Ta wuce ta da taƙi guda a kowane gefe, gurbin fitilunta kuma ya sauka a inda babu fitila, ga kuma wuraren ɗaure kusoshi kowanne na kallon gabansa kamar 'yan uwan da suka yi faɗan gado. Walter ya ce a mayar a samo na shekararta. Bahago ya ce bai kira shi fatawa ba, ɗauri ya kira shi. Walter ya kakkaɓe hannu ya ce shi ma gayyatacce ne a bikin, zai so ya ga ƙarshen abin da idonsa, ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Bahago ya ce dama masu ƙarfe ba su da laushin hannu. Ya ƙwanƙwasa bambar da yatsa, ta yi ƙara kamar ƙwarya. Nan take ya aika aka kirawo gyartai, wani tsoho mai ɗinke fasassun ƙore a bakin kasuwa. Tsohon ya zagaya motar ya ce shi dai tun da yake bai taɓa ɗinka ƙwarya a jikin ƙarfe ba, amma in za a biya, ko tulu zai ɗinka wa kunne. Bahago ya ɗauko alli irin na teloli ya zana, aka yanke tsakiyar bambar aka haɗe ta don ta tsuke, gyartai ya bi ta da ɗinki layi-layi. Fitilun suka leƙo rabi da rabi kamar idon mai jin barci. Bahago ya ce ai kwarjini kenan, manya ba sa buɗe ido duka.

Siket kuma ya fi tsakanin tayoyin tsawo. Aka kira baduku da basillarsa da igiyar fata. Na gefen direba aka datse shi ya zauna. Na ɗaya gefen Bahago ya hana a yanke, wai asara ce, ya sa aka ɗage shi sama kaɗan aka naɗe kamar hannun riga. Baba Mamman, wanda ya dawo da askinsa gaba ɗaya ƙofar gidan don kada wani abu ya wuce shi, ya ba da shawarar a ɗan zagaya da motar a gani. Bahago ya ce ba a gwada rigar ango a kasuwa. Ya lulluɓe ta da tsohuwar shadda, ya ce sai ranar.

Fiffike kaɗai ya rage. Baba Mamman ya tambayi yaushe za a ɗaura shi, Bahago ya dube shi da tausayi. Ya ce duk wanda ya san sutura ya san wando ake fara sawa, sai riga, hula kuwa ita ce ƙarshe, kuma a bakin ƙofa ake kafa ta.

Asabar ta yi. Bahago ya ci ado cikin tsamiya, ya yaye shaddar, ya shiga. Baba Mamman ya biyo shi a tsohon babur ɗinsa, rungume da fiffike kamar mai kai allon makaranta. Lungun da motar ta saba ratsawa ba fargaba yau ya matse. Siket ya kankare yaɓen zauren wani malami tun daga wannan kusurwa har waccan, ɗalibai suka bar karatu suka fito. Malamin ya leƙo ya ga katangarsa ta samu zane, ya ce Allah Ya shirya, ya ƙara da cewa yana nan yana jiran magini.

A Kwarbai Hajiya Sailuba na tsaye cikin leshi ruwan goro, shinkafa ta riga ta tafi. Ta dubi motar tun daga baki har wutsiya, ta tambaya ko hatsari aka yi. Bahago ya ce ado ne. Ta ce to Allah Ya sawwaƙe. Aka sa kula biyu na miya a but, ita da kanta ta tottokare su da tsumma, aka rufe.

Sai Bahago ya ce a ba shi wuri. Ya karɓi fiffike, ya ɗora a baya. Ƙafafunsa ba su sauka a kan murfin but ba, don murfin wannan shekarar bai kai faɗin na shekarar fiffiken ba. Sai suka haye shi suka dira a jikin motar, ɗaya dama ɗaya hagu. Bahago ya ce kun gani, shi da kansa ya nemi mazauni. Ya matse gam mai kama ƙarfe kwalba guda, ya bi da kusoshi, ya ɗaure har jijiyar wuyansa ta fito. Baba Mamman ya buɗe baki ya ce, "Bahago, to ta ina za a..." Bahago ya ce masa ba a magana ana kafa hula. Tsohon ya rufe bakinsa, ya gyara zama a kan babur, fuskarsa ta yi haske kamar wanda aka yi wa albishir.

Aka zo shiga. Ƙofar Hajiya ta buɗe kamar faɗin tafin hannu ta tsaya, naɗaɗɗen siket ya tokare ta daga ƙasa. Bahago ya ce a ƙasashen da suka ci gaba ta taga ake shiga irin wannan motar. Sailuba ta ce ita ta ƙofa ta shiga ɗakin Allah, ba za ta fara shiga taga a Kwarbai ba, a gaban yaran da ta yi wa iyayensu wankan jego. Dole Baba Mamman ya zaro askarsa ya yanke igiyar baduku. Siket na farko ya koma bayan babur.

Suka kama hanya. Bambar ta yi ƙasa ƙwarai, tana shara. Kafin su fita unguwa ta tattara ledoji, da takalmin wani yaro, da wata kaza da ta faɗa bakin ta zauna abinta. Mai kazar ta biyo su da gudu tana kiran sunan uban Bahago. Da suka iso tudun nan da ake ginawa a titi don rage gudu, mota ta hau, bamba ta ƙi. Aka ji ƙara kamar an taka ƙwarya, ɗinkin gyartai ya buɗe daga tsakiya, kaza ta fice. Bahago ya ce wa Hajiya ai haka ake so, sabon ɗinki sai ya saki jiki. Siket na biyu bai jira a yi masa bayani ba, a wata kwana ya sauka da kansa, Baba Mamman ya tsaya ya ɗauka.

Suna fita daga ganuwa hayaƙi ya fara tashi daga gaba. Ashe bakin shan iska na bambar 2013 yana sama, na motar kuwa yana ƙasa, wato tun daga gida an toshe mata hanci. Lagireto ya tafasa. Bahago ya fito zai buɗe bonet, ya tarar da bambar ta rufe maɓallin. 'Yan acaɓa suka taru, kowa na ba da magani. Wani ya ce a zuba mata fiya-wata ta sama, wani ya ce a kira limami. Sailuba ba ta fito ba. Ta sauke gilashi kawai ta ce rana na yi, miya kuma ba ta jiran kowa. Baba Mamman ya sake zaro aska. Bamba ta fita gida biyu, aka ɗaure ta a babur, har tsohon ya koma kamar mai tallan kwanon rufi. Aka ba mota ruwa ta sha iska, ta tashi garau kamar wadda aka sauke wa kaya.

Daga nan har Wusasa ko tari ba ta yi ba. Bahago ya samu bakin magana. Ya ce Hajiya ta lura, duk abin da ya faɗi aikin gyartai ne da baduku. Wanda shi ya ɗaura da hannunsa yana nan daram, ko girgiza bai yi ba. Wannan kam gaskiya ya faɗa.

Sun iso ana fitowa daga coci, saura ƙiris ya ci. An kafa rumfuna, an jera kujeru, an zuzzuba farar shinkafa a faranti tana tururi. Hilda ta taho da sauri cikin ashobi ta rungume ƙawarta, ta ce dangin ango daga nesa suka zo, tun jiya take yi musu tallan miyar nan. Bahago ya fito yana gyara tsamiya, ya ɗaga wa jama'a hannu, ya zagaya baya ya murɗa makulli. Murfin but ya ɗaga kamar kaurin yatsa, ya bugi cikin fiffike, ya koma. Ya sake. Ya koma. Ƙamshin miya kuwa ya samu hanya ta wannan 'yar kafar, ya bi rumfuna ɗaya bayan ɗaya yana gaisawa da mutane.

Dangin ango suka riƙe cokula suna kallon mota. Wani dattijo a babban tebur ya fara cin shinkafarsa gaya, yana shaƙar iska tsakanin loma da loma. Mai magana a lasifika ya ce a ƙara haƙuri, miya ta iso lafiya, ana tattaunawa da ita.

Samari suka kama fiffike suka ja, motar ce ta biyo su. Walter ya zo cikin kwat, ya leƙa, ya ce gam ɗin ya riga ya kama kusoshin, kayan aikinsa kuma na gareji, ga shi ya ba yaransa hutun biki. Kujerun ma ba sa kwantawa balle a zaro ta ciki. Ya ce abu ɗaya ne, a fasa fiffiken.

Sailuba ta juya. Ta shiga madafar Hilda ta fito da taɓarya, ta miƙa wa Bahago a gaban kowa.

"Ga shi, Malam. Miyar da sauran zafinta. Bugu ɗaya ne."

To jama'a, a nan ne aure ya tsaya a kan taɓarya. Da ya buga a lokacin, da yau ina ba ku labarin walima. Bahago ya karɓa, ya ɗaga, ya dubi fiffiken nan yana ƙyalli a rana, shi kaɗai ya rage daga malum-malum ɗin da ya yi wa majalisa alkawari. Hannunsa ya tsaya a sama. Ya juyo ya ce, "Hajiya, shin ba a samun ko manja da yaji a gidan nan? Su fara da shi kafin a je a ɗauko kayan aiki. Irin wannan fiffiken babu na biyunsa a Arewa."

Sailuba ta karɓi taɓaryarta a hankali. Ta ce Maman Annabel ta riƙe mata gyale. Mace ce da ta yi shekaru tana dakan sakwarar biki, ba ta buƙaci ta maimaita ba. Fiffike ya rabu biyu, murfi ya tashi da kansa, jama'a suka yi tafi har da guɗa. Aka fito da kula, aka bi faranti, dattijon babban tebur ya nemi a sake zuba masa shinkafa tunda ta farko ba ta shiga lissafi ba.

Da aka natsa, Bahago ya matso yana murza hula. Ya ce in an duba da adalci ai ya kawo ta, ya kawo miya, kuma da zafinta. Batun turo manya fa?

"Ka kawo ta, ni na fito da ita," in ji Sailuba. "An ce mai kayan nan ya gaya maka gaskiya ba ka ji ba, abin da bai zauna ba bai zauna ba. Ni kuma ba bamba ba ce da za a kira gyartai ya ɗinka ni a inda ba wurina ba. Ka gaida gida."

A keken shinkafa ta koma, tsakanin tukwane.

Baba Mamman ya ci faranti biyu, ya ɗora gutsattsarin fiffike a kan sauran kayan, ya biyo motar a baya. Ita kuwa ta dawo birni yadda ta zo duniya, tana tafiya sumul, ta ratsa lungu ba ta taɓa katangar kowa ba, ta wuce malamin nan yana zaune yana jiran magini.

Washegari majalisa ta cika tun da wuri, kowa na son ya ga da wace fuska zai fito. Ya fito da wadda ya saba. Ya zauna, ya karɓi shayi, ya ce su dai su faɗi abin da za su faɗa, amma a tarihin Zazzau ba a taɓa kafa hular da sai da taɓarya ta fita ba sai tasa. Baba Mamman ya ce wannan haka yake, har amaryar tasa ma ta fita tare da ita.

Rabin bambar na nan har yau a gindin ceɗiya, a ciki akuyoyin unguwa ke shan ruwa, kuma sauran ɗinkin gyartai bai taɓa yoyo ba. In kun ce ƙarya nake, ku je ku tambayi akuyoyin.